Diyapo a tsaye da a kwance cikin PowerPoint guda, zai yiwu?

Ɗan Goulbi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah a taimaka min, sutunansi na (kare aikin bincikena gaban malamai) ranar Asabar kuma abu guda ya hana ni barci. Aikina kan noman aya ne, ina da kart, wato taswirar jihar Maradi, kun san yadda take doguwa tun daga Madarounfa bakin iyaka har can Bermo arewa, to in na sa ta a kwance sai ta tsuke ko sunan Aguié ba ya karantuwa. Na shiga Taille des diapositives na zaɓi Portrait don ita kaɗai, sai duk diyapo (shafukan PowerPoint) 24 ɗin sunka miƙe tsaye wlh. Mi zan yi?

Mai Sibar:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ba laifinka ba ne, haka PowerPoint yake, girman shafi guda ne ga fishiye duka. Word ne ke yarda ka raba da saut de section ka juya shafi guda. Dabarar ita ce fishiye biyu, babba a kwance, ƙarami a tsaye mai kart ɗin. Cikin babban ka zaɓi hoto ko rubutu, Insertion, Action, Lien hypertexte, ka nuna mishi ɗayan, in ka gama nuni ka danna Échap ka dawo inda ka tsaya. Amma ka hwara sa su dosiye guda kamin ka haɗa, kuma dosiyen duka zaka kwashe a kile USB, in ba haka ba can wurin odinatar wani mahaɗin ya mace.

Malama H.:
Ni dai ban ba ka shawarar wanga ba ɗana. Allon da za a haska maka kwance yake, ba ya juyawa kamar waya. Ko ka yi nasara kart ɗin ta fito a tsaye, tsawonta bai wuce tsawon allon ba, sai baƙi hagu da dama, shafin A4 wajen kashi 40 cikin ɗari na faɗin allon 16:9 kawai yake ci. To ina riba? Na taɓa zama wata sutunansi yaro ya danna mahaɗi, abin ya tsaya yana tambayar ko a buɗe, ga kuran ya ɗauke, ya ƙare yana zufa gaban juri minti biyar ɗinsa sun tahi a banza.
Bar ta a kwance. Sa kart ɗin gaba ɗaya a hagu, a dama ka yanko yankin da ka yi bincike ka ƙara mishi girma. Juri garuruwan da ka shiga suke son gani, ba Bermo ba.

Mai Sibar:
Gaskiya Malama ta hi ni. In dai dole sai a tsaye to mai da komi PDF, shi yana ɗaukar shafi kowane iri, Ctrl+L cikin Acrobat Reader ya cika allo. Sai dai animasiyo duk sun tahi.

Ɗan Goulbi:
Na gode ƙwarai Malama, na gode yaya. Na yanko Aguié da Tessaoua na sa a dama, yanzu har daga bakin ƙofa ana karantawa. Mai tsayen kuma zan buga a A4 in miƙa ma juri. Yaya nawa kake buga mai kala? guda huɗu nike so