Tiramisu na baƙi 25: in yi da ɗanyen ƙwai ko in canza shawara?

Maman Biyu, Brescia: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar mai zuwa za mu yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗana a nan Brescia, arewacin Italiya, kuma muna sa ran baƙi 25, ciki har da yara ƙanana, maƙwabtanmu Italiyawa uku, da wata ƙawata mai cikin wata bakwai. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta koya mini tiramisu, wani kayan zaƙi na Italiya da ake ci da sanyi: mascarpone (cuku mai laushi kamar kirim) gram 500, ƙwai 4, sukari gram 100, biskit ɗin savoiardi gram 300, kofi mai ƙarfi, sai garin cakulan marar sukari da ake barbaɗawa a sama. Wannan yana isar mutum takwas, don haka sai na ninka sau uku. Damuwata ita ce ba a dafa ƙwan. Shin in yi shi yadda aka koya mini, ko akwai hanyar da zai zama babu haɗari ga mai ciki, ko kuwa in koma panna cotta, wani kayan zaƙin na daskararren kirim? Ba na son saye a shago domin wasu suna zuba giyar Marsala.

Hajiya Babba, Kano: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Ni a ganina, Baturen da ya zo gidan Bahaushiya alkaki da dubulan ya kamata ya tarar, domin nasu ya saba da shi tun yana goye. Kuma ki kiyayi zuba giya a abincin walima.

Yayar Amarya, Kaduna: 'Yar'uwa, ki ji tsoron wannan abu. Bara, a bikin ƙanwata, na ce zan fita kunya da tiramisu domin dangin ango mutanen boko ne. Na aika Abuja aka sayo mini mascarpone roba shida, kowace gram 250 a kan naira 14,000, aka kawo su cikin kula da ƙanƙara. Savoiardi bai samu ba, sai na gasa soson kek na yayyanka. Na kwana ina buga gwaiduwa da sukari har hannuna ya sage, na jera tire uku a firji wajen ƙarfe biyu na dare, ina kwanciya aka ɗauke wuta, kuma ba a dawo da ita ba sai bayan la'asar. Da na buɗe firjin, kirim ɗin ya tsinke, kofi ya taso sama, kek ɗin yana iyo kamar an jiƙa burodi a shayi. Na ɗanɗana na ji tsami, na kwashe duka na zubar a bayan gida ina hawaye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wata gwaggon ango da ta ce a gaban mutane wai ina abin Turawan da aka yi ta shela. Har yau ban ƙara taka gidanta ba.

Antin Yara, Abuja: Sannu Yaya, amma an cuce ki a kuɗin. Ni ban taɓa sayen wannan robar sama da naira 9,000 ba. Ban da haka ma ana yin mascarpone a gida: ki ɗora kirim mai kauri lita ɗaya a wuta har ya kai digiri 85, ki zuba ruwan lemun tsami cokali biyu, ki juya a hankali, in ya huce ki zuba a farin yadi mai tsabta ya kwana a firji yana tsiyaya.

Yayar Amarya, Kaduna: Anti, wace shekara kika saya a haka? Kuma firjin da zai kwana a ciki ai shi ne ya kashe ni.

Ɗan Agadas, Torino: Maman Biyu a Italiya take, matsalarta ba ta wuta ba ce. Shekara shida nake aiki a kicin ɗin gidan abinci, kuma ba mu taɓa ba baƙo ɗanyen ƙwai ba, saboda ƙwayar salmonella. Ki dafa sukarin da ruwa kaɗan har ma'aunin zafi ya nuna digiri 121, sannan ki riƙa tsiyaya shi siriri a kan gwaiduwar yayin da injin yake bugawa, kada ki tsaya sai kwanon ya huce. Idan ba ki da ma'auni, manyan kantuna suna sayar da gwaiduwa a kwali wadda aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta. Biskit kuwa tsomawa ɗaya ki cire, domin in ya sha kofi da yawa shi ne yake kawo ruwa a ƙasan tire. Game da giya, girkin da aka san gidan abinci na Le Beccherie da ke Treviso da shi, inda mutanen yankin, wato Veneto, suke cewa an faro tiramisu, babu giya a cikinsa. Mascarpone gram 500 ina samunsa a wajen yuro uku.

Uwargida, Napoli: Malam, da girmamawa, aikin gidan abinci daban, girkin gida daban. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan ina yi da sabon ƙwai, babu wanda ya taɓa ciwon ciki a gidana, kuma dattijuwar da ta koya mata ta girmi dukanmu a wannan sana'a. Mascarpone na yuro ukun nan ruwa ne, mai kyau bai gaza yuro biyar ba.

Ɗan Agadas, Torino: Hajiya, ita ma dattijuwar a tambaye ta ko za ta ba 'yarta mai ciki. Likitoci a nan suna hana masu ciki ɗanyen ƙwai tun awon farko.

Baban Gida, Zariya: An ce mini ma'anar tiramisu ita ce "ɗaga ni sama". To na Yayar Amarya dai kwantar da ita ya yi. Maman Biyu, in ya ragu a aiko mana Zariya, mu ba mu da ciki.

Maman Biyu, Brescia: Na gode ƙwarai, Malam Ɗan Agadas. Ba ni da ma'aunin zafi, kuma ina tsoron gwada sabon abu ana gobe taro. Panna cotta fa? Kirim ne da sukari kawai, babu ƙwai.

Uwargida, Napoli: Nan ne za ki yi hattara, ƙanwata. Abin da yake daskarar da panna cotta shi ne gelatin, wanda suke kira colla di pesce, wato gam ɗin kifi. Sunan ya yaudare ni shekara biyu cur ina ba yarana, sai ranar da 'yata ta karanta mini ƙananan rubutun bayan fakitin na ji an ce na alade ne. Da can daga kifi ake samunsa, amma yanzu mafi yawansa daga fatar alade ne. Ki nemi agar agar, wanda ake samu daga tsiron teku, sai dai shi dole ya tafasa tare da kirim ɗin.

Ɗan Agadas, Torino: A nan kam bakinmu ɗaya, Hajiya. Kalmar da nake so kowa ya haddace ita ce strutto, wato kitsen alade. Yana cikin ɓawon cannoli, wani soyayyen kayan zaƙi na Sisili, yana cikin piadina, wato gurasarsu, har da wasu nau'o'in burodi. Na daɗe ina sayen burodi a wani shago kusa da gidana, na tambayi mai shagon sau biyu ya ce man zaitun ne kawai, sai yaron da yake kwaɓa masa ne ya gaya mini gaskiya.

Uwargida, Napoli: Ni ma haka aka yi mini a bikin makarantar yarana. Na rubuta a takarda cewa ba sa cin alade, aka cire musu nama, amma aka ba su kek da alewa mai gelatin, da na yi magana aka ce ai ba nama ba ne. Shin akwai wadda ta san ofishin da ake kai irin wannan ƙorafi?