Bayana ke ciwo, likita ya ce damuwa

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Shekara 2 ina fama da ciwon baya, barci ya ƙaurace min, abinci ma ba na marmari. Jiya likita ya ce ciwon ya jawo min ciwon damuwa, ya rubuta min amitriptyline. Na je kemis, yaron shagon ya ce wai maganin masu taɓin hankali ne. Bayana fa ke ciwo, jama'a!

Kawu: Damuwa? Subhanallahi. Ina mumini ina damuwa? Ki riƙe azkar, 'yata.

Yaya Nas: Allah ya ƙara girma Kawu, ba damuwar kuɗin cefane ake nufi ba. Sau da yawa ciwon da ya haura wata 3 yakan hana barci, rashin barcin ya ƙara masa zafi, mutum ya daina shiga jama'a, zuciya ta yi nauyi. Sinadaran serotonin da noradrenaline da ke daidaita yanayin zuciya su ne ke rage saƙon zafi a laka. Shi ya sa ake ba da ɗan ƙaramin awon maganin nan da dare don ciwon jijiya.

Malam Ƙarami: Kawu, Annabi Yaƙub (AS) idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Suratu Yusuf, aya ta 84.

Kawu: Baƙin ciki daban, damuwa daban. Kai za ka koya min Larabci?

Gwaggo: Ni dai tun da aka yi mata kishiya bayan nan ya tashi. Ban ce komai ba.

Amarya: Gwaggo, ki fito fili mana. Da ciwonta na same ta.

Autan Daura: Ai kalmar mahaukaci ma an bar ta a doka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Baba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958 da ake kira dokar mahaukata.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ku mutanen Daura ko zancen ciwon baya sai kun sako Baba.

Autan Daura: Namu ne. Ciwon ido sai haƙuri.

Maman Biyu: To in sha maganin ko in bari?

Admin: Na rufe zauren sai da safe. A taƙaice, Yaya Nas ce ta yi magana da ilimi, Maman Biyu ki sha yadda likita ya ce. Kawu uba ne, bai yi laifi ba. Rigimar duk Auta ne ya kawo ta da siyasarsa ta Daura.