Pasko na tsohuwar manhaja zai yi wa yarinya amfani?

Hajiya Maamobi: Assalamu alaikum 'yan zaure. 'Yata za ta rubuta jarrabawar saikoloji ta AP a watan Mayu, makarantarsu tsarin Amurka take bi. Na sayo mata wani ƙaton littafin pasko, wato tambayoyin jarrabawar baya, wajen masu tsofaffin littattafai, tana buɗewa sai ta ce, "Mma, wannan na tsohuwar manhaja ne." Kuɗina sun bi ruwa ke nan? A ina ake samun tambayoyin gwaji na sabon tsari?

Alhaji mai fotokwafi: Wa alaikumus salam. Wace irin jarrabawa ce wannan? Na daɗe ina buga wa yaran Nima pasko na WASSCE, ban taɓa cin karo da saikoloji ba.

Ɗalibar Legon: Baba Alhaji, ba ta WAEC ba ce. Hukumar College Board ta Amurka ke shirya ta. Makin daga 1 zuwa 5 ne, kuma jami'o'i da yawa a can sukan ɗauke wa ɗalibi kwas na ajin farko in makinsa ya yi kyau.

Malam na Madina: Hajiya, kafin komai buɗe littafin ki ƙirga zaɓin da ke ƙarƙashin tambaya ɗaya. In kin ga har da E, tsoho ne. Sabon tsari zaɓi huɗu ne kacal.

Hajiya Maamobi: Na duba. Akwai E, Malam.

Malam na Madina: To yarinyar ta fi mai littafin gaskiya. An sauya manhajar a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, aka fara jarrabawa a kanta a Mayun 2025. Da babi tara ne, yanzu biyar: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tunani da ajiye abu a ka, girma da koyo, zamantakewa da ɗabi'ar mutum, sai lafiyar hankali da ta jiki. Tambayoyin zaɓi sun sauko daga 100 cikin minti 70 zuwa 75 cikin minti 90. Kada a ce sauƙi aka yi. An ƙara lokacin ne don yawancinsu sai ka karanta ɗan labari ko jadawali kafin ka san inda aka dosa.

Inda tsohon littafi zai yaudare ta sosai shi ne ɓangaren rubutu. Tambaya biyu ce, minti 70. Ta farko a ba ki taƙaitaccen bincike ɗaya ki feɗe shi. Ta biyu a ba ki bincike uku, ki tsayar da matsaya, ki kare ta da hujja daga cikinsu. Babu irin wannan a littafin da ke hannunki ko guda.

Alhaji mai fotokwafi: Amma Malam, ilimi ai ba ya ruɓewa. Karen da aka koya wa dalalar da miyau in ya ji ƙararrawa, an canza masa hali ne don an canza manhaja?

Malam na Madina: Karen Pavlov yana nan daram, Alhaji 😄 Shi ya sa ban ce a jefar da littafin ba. Babin koyo da na ƙwaƙwalwa duk za su yi mata aiki. Sai dai a tace. A shafin intanet na College Board mai suna AP Central akwai kundin hukumar, Course and Exam Description, kyauta. A ciki an rubuta ƙarara abin da ba za a tambaya ba, misali dalar buƙatun Maslow da matakan girman yaro na Freud. Ta ɗauki biro ja ta bi tsohon littafin tana sokewa. Abin da aka ƙara ko aka faɗaɗa, kamar damuwa da yadda take taɓa lafiyar jiki, ta nema a littafin saikoloji na OpenStax, na Jami'ar Rice, shi ma kyauta ake saukewa.

Ɗalibar Legon: Mma Hajiya, ku tambaye ta ko malaminsu ya ba su lambar shiga AP Classroom, shafin hukumar na malamai da ɗalibai. Can tambayoyin sabon tsari suka fi yawa, amma wasu sai malami ya buɗe wa aji kafin a gan su. In bai buɗe ba ku je ku same shi, haƙƙinta ne.

Tambayoyin ɓangaren rubutu kuma, an saki na 2025 a AP Central tare da yadda ake ba da maki da amsoshin ɗalibai na gaske, mai kyau da marar kyau. Ba su da yawa, don haka kada ta cinye su a mako ɗaya. Ta ajiye wasu sai Afrilu.

Hajiya Maamobi: To in sun ƙare fa?

Ɗalibar Legon: Sai ta ƙera nata. Tambayar farkon nan kusan abu ɗaya take nema kullum: wace hanyar bincike aka bi, yaya aka auna abin, me alkaluman ke nufi, wace ƙa'idar kare mutane aka kiyaye, sakamakon zai iya hawa kan wasu mutanen, sannan ya goyi bayan hasashen ko ya rushe shi. Ga misali. A 1974 Loftus da Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaza juna sun faɗi gudu sama da waɗanda aka ce wa sun bugi juna, alhali fim ɗaya suka kalla. Ta rubuta: hanyar gwaji ce, abin da aka juya kalmar tambaya ce, abin da aka auna mil nawa a awa mutum ya ƙiyasta. Sai ta tambayi kanta, abin da aka samu a kan ɗaliban jami'a a Amurka zai hau kan direban trotro, motar haya, da ke yini a Circle a Accra, wanda idonsa ya saba da gudun mota? In ta iya kare amsarta, ta kama bakin zaren.

Anti nas: Ni abin da ya kusa kayar da ɗan ƙanwata ba karatu ba ne, yatsu ne. A kwamfuta ake yin jarrabawar yanzu, cikin manhajar Bluebook, kuma ba ta hawa waya. Yaron da yatsa biyu yake bugawa. Ya san amsa, agogo na gudu. Hajiya, ta riƙa buga amsoshinta a laftof da agogo a gefe, minti 25 ta farko, 45 ta biyu. Akwai ɗan gwaji a cikin Bluebook ɗin, ta shiga ta saba da maɓallan tun yanzu.

Admin: Tunda ana maganar: wani ya turo talla jiya wai yana da ainihin tambayoyin Mayu, a tura kuɗi ta MoMo. Na goge, na cire shi. Kowa ya kiyaye.

Alhaji mai fotokwafi: Madalla. Hajiya, turo min kundin nan da Malam ya faɗa. Ba duka zan buga ba, yana da kauri. Malam ya zaɓo shafukan.

Malam na Madina: Babi biyar ɗin da samfurin tambayoyin da ke ƙarshe sun isa. Gaba da baya, Alhaji, a tausaya wa aljihun Hajiya.

Hajiya Maamobi: Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. 'Yar Legon, ko za ki samu lokaci ranar Asabar ki duba mata amsa ɗaya? Kuɗin mota na wuyana.

Ɗalibar Legon: In sha Allah Mma, bayan la'asar. Ta fara rubutawa kafin in zo, kuma kada ta leƙa yadda ake ba da maki.