Neman kalma: me za mu kira "tethered cord" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar bayani ga manya, ba yara ba, waɗanda likita ke zaton suna da wannan larura ta lakar ƙashin baya, kuma ranar Alhamis zan miƙa aikin. Masu karanta ta ba a tabbatar musu da komai ba tukuna, suna zaman jiran hoton MRI ne, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, cikin fargaba, don haka ina neman sunan da zai faɗi gaskiya ba tare da ya karya musu gwiwa ba. Na rubuta "ɗaurewar laka", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamar Jinya: Hajiya, ki guji "ɗaurewa". Mutumin da ya kai shekara 40 lafiya lau, sannan ƙafa ta fara sage masa, fitsari ya fara kufce masa, idan aka ce lakarsa a ɗaure take, danginsa za su tambaya wa ya ɗaure ta, daga nan kuma sai a bar asibiti a tafi neman maganin sammu.

Likita: Ga abin da ya kamata sunan ya ɗauka. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne daidai gaɓar farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, kuma tana ɗan motsi idan mutum ya sunkuya. A wannan larura ƙarshenta ya manne da wani abu, ko dunƙulen kitse, ko zaren da ke ƙasanta wanda ya yi kauri, ko tabon tiyatar da aka yi wa mutum yana jariri saboda tsagewar ƙashin baya. Duk sunkuyawa tana jan ta. Da yawa da abin aka haife su, amma sai bayan mace ta haihu, ko bayan faɗuwa ko ɗaukar kaya mai nauyi ciwon ƙugu da ƙafafu ke bayyana. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka na yara a Toronto ne suka yaɗa sunan Ingilishin a 1976.

Malamin Hausa: To ai Bahaushe ya gama aikin tuntuni. Akuya ake turkewa, saboda haka "turkakkiyar laka" ita ce daidai, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina wannan siga.

Ɗan Damagaram: Mu a nan likitoci na cewa "moelle attachée" da Faransanci. Me zai hana a ce "talalar laka"?

Likita: Talala tana da sakin igiya, Malam, alhali matsalar nan rashin saki ce.

Malamin Hausa: Shi ya sa na ce turke. Abin da ke ba ni takaici shi ne a rubuta MRI cikin takardar Hausa kamar ba mu da "hoton maganaɗisu". Likitocinmu sun mayar da Ingilishi rigar ado, kuma duk kalmar da malamin harshe ya kawo sai an same ta da aibi.

Malamar Jinya: Allah ya gafarta Malam, majinyaci MRI zai gani a rubuce a takardarsa da ƙofar ɗakin hoto, ba batun ado ba ne. Kuma matar da ke kukan ba ta iya riƙe fitsari ba za ta so a kwatanta ta da dabbar turke ba. Mu a ɗakin jinya "ta maƙale" muke cewa, suna kuma ganewa nan take.

Ɗan Damagaram: "Maƙalewar laka" za a fahimce ta har Maraɗi.

Likita: Na amince, da sharaɗin a bi ta da jimla guda: lakar ba ta tsinke ba, jan ta ake yi. A kuma bayyana cewa ba kowa ake yi wa tiyata ba, wasu bibiyarsu ake yi, sannan tiyatar sakin laka ta fi rage ciwo fiye da gyara matsalar fitsari. Wanda ƙafarsa ke ƙara rauni ko fitsari ya tsaya masa kada ya jira ranar da aka ba shi.

Malamin Hausa: Abu yakan maƙale bisa haɗari sannan ya fita da kansa, wannan kuwa ba ya fita. Ban gamsu ba, amma tunda lokaci ya ƙure, Hajiya, ki rubuta hakan, ki sa tawa a jerin kalmomin ƙarshen takarda.

Mai Fassara: Na gode muku duka. "Maƙalewar laka" za ta shiga tare da jimlar Likita, MRI kuma zan bar shi yadda yake. Batun jerin kalmomi sai na ji daga waɗanda suka ba ni aikin.