Darussan Flash sun ƙi buɗewa a tabilet ɗina

Assalamu alaikum. Ina koyar da yara lissafi da Faransanci da yamma a nan Garwa, kuma akwai wani tsohon shafi mai darussan da yaro ke taɓawa su yi magana. A tabilet ɗina mai Android 11, rubutun shafin yana fitowa lafiya lau, amma gurbin darasin sai fili fari fat. Wani lokaci ya rubuta cewa ana buƙatar Flash Player, wato manhajar kamfanin Adobe da ke buɗe irin waɗannan darussa.

Na san Adobe ta daina kula da Flash tun ƙarshen 2020, a Android ma tun 2012 aka cire shi daga Play Store. To amma darussan suna nan, ba a sabunta su ba.

Chrome na tabilet ba ya karɓar ƙarin manhaja, don haka na koma Firefox na saka Ruffle, ƙarin manhajar da ke buɗe abubuwan Flash ba tare da Flash Player ba. Nan aka ɗan samu motsi: hoto ya fito, sauti ya fito, amma maɓallin wucewa darasi na gaba ya ƙi amsawa, ko sau nawa na danna. Na share ma'ajiyar burauza, na sa shafin a yanayin kwamfuta, duk a banza. Wani mai gyara ya ce in sauke tsohon fayil ɗin Flash daga intanet, na ƙi, ina tsoron cutar da na'urar. Data kuma ta sha sefa ba kaɗan ba.

Don Allah, in na sauke fayilolin SWF ɗin, wato fayilolin Flash na darussan, da wace manhaja zan buɗe su a tabilet ba intanet, maɓallan su yi aiki?