Muhawara: Shin gudun wahala ne ya jawo ƙarancin ma'aikatan jinya?

Tsohon nas, Garwa: Assalamu alaikum. A ganina, ƙarancin ma'aikatan jinya a nan Kamaru ya samo asali ne daga yadda matasa ke kallon aiki yanzu. Tun bayan annobar korona ta 2020, kowa yana son aikin kwamfuta a inuwa, ko ma daga gida, alhali jinya ba ta yiwuwa sai a gefen gadon majinyaci, dare da rana, har ranar Sallah.

Ungozoma, Marwa: Wa alaikumus salam. Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Makarantun jinya suna yaye ɗalibai kowace shekara, kuma da yawansu suna zaune a gida da takardunsu. Ni kaina na yi shekara shida a wani asibiti ina aikin wucin gadi, ba albashin gwamnati, ba fansho. Ɗan abin da ake ba ni daga kuɗin shigar asibitin yake fitowa, watan da kuɗin ya yi ƙasa kuwa sai haƙuri. Irin wannan hali ne ya kai ma'aikatan lafiya ga yajin aiki a Yawunde a 2023. Wanda ya kwana yana karɓar haihuwa da fitilar waya ba za a kira shi mai gudun wahala ba.

Ɗalibin jinya, Ngaundere: Gaskiyar Hajiya ce, sai dai maganar Baba ba ta faɗi ƙasa ba, domin kasuwar aikin ta buɗe. A ajinmu, hirar tafiya Kanada da koyon Jamusanci ta fi kowace hira yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma ƙasashe masu arziki, waɗanda tsofaffinsu ke ƙaruwa, suna zuwa neman ma'aikata a wurinmu.

Mai kantin magani, Kusiri: Ko ba a haye teku ba ma, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Tafkin Chadi da sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo suna biyan abin da ƙaramin asibitin ƙauye ba zai iya biya ba. Ƙwararru sukan koma can, a bar ƙauye da mutum ɗaya yana allura, yana rigakafi, yana rubuta rahoto.

Tsohon nas, Garwa: 'Yata, na karɓi gyara a kan wucin gadi, domin mu a zamaninmu muna gama makaranta ake tura mu aiki. Amma ɗana na Ngaundere, wa zai kula da iyayenku idan kuka tafi? Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023, ta ce kada a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu.

Ɗalibin jinya, Ngaundere: Baba, wannan tambaya tana hana ni barci. Sai dai jerin ya shafi masu ɗaukar ma'aikata ne, bai hana mutum neman aiki da kansa ba.

Ungozoma, Marwa: Ƙanena, ban ga laifinka ba. Ni dai ina nan Marwa, kuma abin da zai riƙe irinka sananne ne: takardar ɗaukar aiki ta dindindin, albashi a kan lokaci, hutu bayan aikin dare, da gidan kwana ga wanda aka tura ƙauye. Baba, ku da ake jin maganarku, ku kai wannan gaban wakilin ma'aikatar lafiya na yankinku.