Na'urar kulorin ta wurin ninkaya tana ɗaukar zafi tana mutuwa, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da wurin ninkaya na wani masauki a nan Sakkwato. Yau mako uku ke nan ina fama da na'urar da ke mayar da gishiri kulorin, sinadarin da ke tsabtace ruwan. Da safe lafiya lau take aiki, amma da rana ta take, wajen ƙarfe ɗaya, akwatin wutarta sai ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa tafin hannu, jar fitila ta kama, ta mutu. Har ruwan ya fara kore a kusurwoyi.

Na kwance bututun da farantan titaniyom suke ciki, na tarar farin dutse ya manne musu kamar gindin butar shayi, don ruwan burtsatse muke zubawa. Na jiƙa su a asid da aka sirka da ruwa, suka fita fes. Na wanke matatar ruwa, na kaɗe ƙurar fanka. Washegari ta sake.

Gishirin ya kai 4,200 ppm (ma'aunin yawansa a cikin ruwa), littafinta kuwa ya ce 3,000 zuwa 3,500. Shin shi ke sa ta jan wuta fiye da kima, in rage ruwan in ƙara sabo? Ko kuwa zafin Afrilu ne da ke haura digiri 40, tunda ɗakin famfon rufin kwano ne?

Sai maganar garanti, wadda ta fi damuna. Wata 8 da sayenta a wajen wani dila a Legas, garantin shekara ɗaya, rasit na hannuna. Ya ce wai wutar janareta ce ta lalata ta, ba ruwansa. Ban taɓa buɗe akwatin ba. Don Allah wanda ya taɓa bin irin wannan haƙƙi, kamfanin da ya ƙera zan rubuta wa kai tsaye, kuma wace shaida zan haɗa?